Kafin A Sayi Na'ura, A Fara Gwada Yaro

Duk wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi a 'yan shekarun nan, ya bi Titin Kotu, ko ya gangara Kundila da Darmanawa har zuwa Unguwa Uku, ba zai rasa lura da yadda allunan makarantun kuɗi suka sake baki ba. A da abin da ake talla shi ne ƙwararrun malamai da tarbiyya da hadda. Yanzu kuwa an ƙara da ɗakin kwamfuta, da intanet, da ajin zamani mai majigi, da kuma alkawarin cewa kowane yaro za a koyar da shi gwargwadon fahimtarsa. Bayan waɗannan alluna akwai wata sabuwar sana'a da ta kunno kai a birnin Kano, watau ta mashawartan ilmi. Da yawansu malamai ne da suka ajiye alli suka rataya jakar kwamfuta, suna zagaya makarantu da ofisoshi, suna shirya wa malamai bita, suna kuma nuna wa masu makarantu irin na'urorin da ya kamata su saya.

Wannan jarida ba ta ga laifin malamin da ya bar aji ya nemi wata hanyar rufin asiri ba. Ai ba yau aka fara ba. Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin koyarwa na bakin Titin Zariya yake ɗauke da sunansa, ya koyar a Midil ta Bauci da kuma Maru kafin ya ajiye aiki a 1950. Haka Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Alhaji Shehu Shagari, duk daga gaban allo suka fito. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne dukiyar jama'a. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano, aka kuma ware wa ilmi kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin 2025. Kowa kuwa ya sani, inda kuɗi suka taru nan masu shawara suke taruwa, na kirki da waɗanda ba na kirki ba. Saboda haka ya wajaba Gwamnati da iyayen yara su san abin da ake sayar musu tun kafin su buɗe lalita.

Mu fara da ba mutanen nan haƙƙinsu, domin tushen maganarsu gaskiya ne. Dokar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma wanda ya leƙa makarantun Gwamnati na cikin birni ya san ajin da ake samun ninkin haka, ko fiye, ba abin mamaki ba ne. Shi kansa Gwamna, ranar da ya kafa dokar ta-ɓacin, ya faɗa cewa yara fiye da miliyan huɗu a ƙasa suke zaune suna ɗaukar darasi, akwai kuma makarantu wajen 400 da malami ɗaya tak yake riƙe da su. To, a irin wannan aji malami ba shi da abin yi sai bin manhajar karatu mako bayan mako. Ya rubuta a allo, yara su kwafa, ya faɗa, su amsa baki ɗaya. 'Yan goma na gaba su gane, saura su bi yarima a sha kiɗa. Shekara ta ƙare a ciyar da kowa gaba. Ta haka ne ake samun yaro a aji biyar ana koya masa raba lamba mai gida uku, alhali bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta sunan unguwarsu ba. Ba daƙiƙi ba ne. An wuce shi ne tun yana aji biyu, ba wanda ya waiwayo.

Mashawartan suna cewa maganin wannan shi ne a koyar da kowane yaro daga inda ya tsaya, ba daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai ba. Sukan kafa hujja da binciken da wani malamin Jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, ya buga a 1984, inda ya nuna cewa yaron da aka zaunar aka koya masa shi kaɗai yana yi wa ɗan aji na gama-gari fintinkau. Daga nan sai su ce, tun da ba mu da malami ɗaya ga kowane yaro, to, kwamfuta ta zama malamin. Rabin farko na wannan magana mun yarda da shi ɗari bisa ɗari. Rabi na biyu ne muke so a tsaya a duba.

Da farko dai, koyar da yaro daidai da matsayinsa ba baƙon abu ba ne da za a kawo wa Bakano daga ƙetare. A kowace zaure ta makarantar allo a Tarauni abin da ake yi ke nan tun kaka da kakanni. Yara hamsin suna zaune wuri guda, amma ba biyu da suke kan darasi ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefe ya yi nisa cikin izu. Kowa da allonsa. Ba a wanke wa yaro allo a yi masa ƙari sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. Idan yara sun yi wa malam yawa, gardawa su kama masa. Ba mu ce makarantar allo ba ta da nata matsalolin ba, kuma mun san littafi ɗaya ne ake bi a can, ba darussa goma ba. Amma abin lura shi ne abin da ya sa tsarin yake aiki. Ba itacen allon ba ne, ba tawada ba ce. Kunnen malam ne da yake sauraron yaro ɗaya bayan ɗaya, da kuma ƙa'idar cewa ba a wuce wurin da ba a iya ba.

Na biyu, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki da ba a yawan ambatonsa a wuraren bita, an riga an gwada wannan hanya a makarantun boko na Jihar Kano, ba kuwa da kwamfuta ba. A watan Oktoban 2019 Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha, watau SUBEB, tare da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, da tallafin Gwamnatin Birtaniya, suka fara wani shiri mai suna KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, ga yara fiye da dubu talatin na aji huɗu zuwa shida. Asalin dabarar daga Indiya take, inda ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro ta, kuma masana tattalin arziki irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun shafe shekaru suna auna ta suka tabbatar tana aiki.

Yadda ake yi ba wani sihiri ba ne. Malami ya kira yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takarda guda, cikin 'yan mintoci ya gane ko bai san baƙi ba sam, ko ya san baƙi amma bai iya kalma ba, ko ya iya kalma, ko sakin layi, ko kuwa yana iya karanta ɗan labari. Haka a lissafi. Sai a ware wani lokaci a kowace rana a rushe azuzuwa, a tara yara bisa abin da suka iya, ba bisa shekarunsu ko ajinsu ba. Ɗan aji shida da bai san baƙi ba ya zauna da ɗan aji huɗu irinsa, ba kunya ba gori. Kayan aikin kuwa alli ne, da katunan baƙaƙe, da 'yan littattafan labarai na Hausa, da tsinkaye da ake ɗaure goma-goma don koyon gidan ɗaya da gidan goma. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba a matsa da shi rukuni na gaba. Ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Sa'adatu Rimi masu koyon aikin malanta su ne suka zama gardawan shirin, suna kama wa malamai. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, sai aka koma rediyo da saƙon waya. Watau an yi amfani da na'ura, amma wadda take hannun talaka tun tuni.

Na uku, ba yau aka fara yi mana alkawarin cewa na'ura za ta gyara makaranta ba. Manyanmu suna tune da majigi da kuma darussan rediyo na makarantu da ake watsowa daga Kaduna. Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare bayan an shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 suna tune da injunan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen Gabashin Turai da maƙudan kuɗi. A makarantu da dama a cikin akwatunansu suka ruɓe, saboda ba ɗakin da za a kafa su, ba wutar da za ta tashe su, ba malamin da ya san kansu. A 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci na shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, aka yi ta ɗaukar hoto, abin bai yaɗu ba. A 2013 Gwamnatin Jihar Osun ta fito da kwamfutar hannu mai suna Opon Imo, watau allon ilmi, da niyyar raba wa ɗalibai 150,000, amma shirin bai kai inda aka yi buri ba. Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar UNESCO na 2023 a kan na'urori a makarantu ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba kwamfutoci fiye da miliyan ɗaya ba tare da an sauya yadda ake koyarwa ba, karatun yara kuwa bai motsa ba.

Kada mai karatu ya zaci muna gaba da kwamfuta ne. Ko kusa. Tun 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Yaron da zai fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawarsa an zalunce shi. Akwai kuma wuraren da na'ura ta yi amfani na gaske. A birnin Delhi an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark, wadda take gano matsayin yaro ta ba shi tambayoyi daidai da shi, yaran kuma suka ci gaba ƙwarai a lissafi da harshensu cikin 'yan watanni. A birnin Benin na Jihar Edo, a 2024, Bankin Duniya ya gwada koyar da Turanci ga ɗaliban sakandare da manhaja mai ƙirƙirarriyar basira na tsawon mako shida, aka ga bambanci. Amma a duba da kyau. A Delhi rabin lokacin yara suna gaban kwamfuta, rabi suna gaban malami. A Benin malami yana tsaye a kansu yana jagora. A duk biyun akwai wuta, akwai ɗaki, akwai babba mai lura. Wannan ɓangaren ne ba a cika haskawa a majigin bita ba.

To, a dawo da maganar Gyaɗi-Gyaɗi. Kwamfutar hannu tana cin caji. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu layin da ya fi samun wuta zuwa Naira 225 a kowane ma'auni, watau fiye da ninki uku, masu sauran layuka kuwa wutar ce ba su gani yadda ya kamata. Janareta ya zama sai mai hali tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sola tana da kyau, amma batirinta yana mutuwa, sai an sake saye. Gilashi yana fashewa a hannun yara. Duk wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre, nan cikin Tarauni, ya ga layin masu jiran gyara, ya san na'ura ba sayenta ne wahala ba, riƙonta ne. Sa'an nan ga kuɗin data, ga kuɗin manhaja da ake biya duk shekara, da yawa kuma da dala ake lissafinsa. Ga kuma harshe: akasarin manhajojin nan da Turanci suke magana, da muryar mutumin Landan ko na Amurka, ga yaron da ko Hausar da ya tashi da ita bai iya karantawa ba tukuna.

Wa zai biya duk wannan? A makarantar kuɗi amsar a fili take. Uba ne, ta hanyar kuɗin kwamfuta da ake ɗorawa a kan kuɗin makaranta kowane zango, ko yaron ya taɓa kwamfutar sau biyu a mako ko sau biyu a shekara. A makarantar Gwamnati kuwa kowace Naira da ta tafi na'ura an ɗauke ta ne daga benci, ko rufin aji, ko bayan gida na 'yan mata, ko albashin sabon malami. Tarauni ƙaramar hukuma ce da ta haɗa gidajen manyan ma'aikata da lungunan talakawa, katanga ɗaya ce wani lokaci tsakaninsu. In ba a yi hattara ba, wannan sabon yayi zai ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, ɗan talaka kuwa a bar shi da hoton ranar buɗe ɗakin kwamfuta.

Akwai wata magana da ba a so a faɗa, amma dole mu faɗa. A kasuwa kowa ya san dillali, ya kuma san la'adarsa, saboda haka mai saye yakan auna maganarsa. A harkar ilmi kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne mai ba da shawara, shi ne mai shirya bita, shi ne kuma wakilin kamfanin da yake sayar da na'urar. Yana zuwa da rigar malami, ana saurarensa da girman da ake ba malami, alhali wani ɓangare na abincinsa yana rataye ne a kan yawan abin da aka saya. Ba mu ce haramun ba ne mutum ya yi dillanci. Mun ce a faɗa. Mai makaranta da jami'in Ma'aikatar Ilmi suna da haƙƙin su san ko wanda yake gabansu likita ne ko mai sayar da magani. Haka kuma sunayen yara da hotunansu da sakamakonsu da ake zubawa cikin manhajojin nan ba kayan kowa ba ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, ta kuma buƙaci yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Iyaye nawa aka tambaya?

Sa'an nan ya kamata Gwamnati ta tambayi kanta abin da ya fitar da mutanen nan daga aji tun farko. Waɗansunsu suna cikin malamai mafi hazaƙa da muke da su, masu karance-karance, masu son gwada sabon abu. Sun tafi ne saboda aji bai riƙe su ba. Mafi ƙarancin albashi da Jihar Kano ta tsayar a 2024 Naira 71,000 ne, kwamfutar hannu ɗaya mai ɗan aminci kuwa ta haura haka. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, shekaru suka shuɗe malamin firamare bai gan shi a aljihunsa ba. Abin takaici shi ne mutumin da ba a saurare shi ba yana ɗakin malamai, shi ne ake biya kuɗin bitar kwana uku fiye da albashinsa na watanni da zarar ya dawo da katin kamfani. Wannan darasi ne da malaman da suka rage a aji suke kallo, suna kuma ganewa. Tsarin aikinmu bai bar wa malamin kirki hanyar ɗaukaka ba sai ya bar koyarwa, ko ya zama hedimasta, ko ya koma ofis, ko ya fita gaba ɗaya.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi da SUBEB su kafa ƙa'ida a rubuce kafin a sa hannu a kan kowace kwangilar na'ura ko bita. Duk mashawarcin da zai shiga makarantar Gwamnati ya nuna rajistarsa da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, ya kuma bayyana ko yana da hulɗar kuɗi da mai sayar da kayan. A lissafa kuɗin wuta da gyara da data na shekara uku a cikin farashi, ba kuɗin saye kaɗai ba. Hukumar da take kula da makarantu masu zaman kansu ita ma ta binciki kuɗin kwamfuta da ake karɓa, ta tabbatar akwai kwamfutar, akwai malaminta, akwai lokacinta a jadawali. A kuma buɗe wa ƙwararren malami matsayi na jagoran malamai, da alawus mai tsoka, yadda zai horar da 'yan'uwansa na makarantu biyar ko shida ba tare da ya rabu da ajinsa ba. Waɗanda suka fita, in an yi haka, muna kyautata zaton waɗansu za su dawo.

Mafi sauƙi daga cikin abin da muke nema ba ya bukatar jiran kasafin baɗi. A farkon zango mai zuwa a gwada kowane yaro na aji huɗu zuwa shida a firamaren Gwamnati na mazaɓu goma na Tarauni, ɗaya bayan ɗaya, da irin takardar da aka yi aiki da ita a Wudil da Dawakin Tofa. Malaman da suka koyi aikin suna nan cikin jihar, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba. A liƙa sakamakon kowace makaranta, ba tare da sunayen yara ba, a ofishin Sakataren Ilmi, a kuma karanta wa iyaye a taron kwamitin makaranta. Duk mashawarcin da ya zo da na'urarsa bayan haka, a ba shi makaranta biyu a Gyaɗi-Gyaɗi na zango ɗaya, a bar wasu biyu a kan alli da tsinkaye da rukuni-rukuni, a ƙarshen zango a sake gwada yaran duka da takarda iri ɗaya, a gaban iyayensu, sa'an nan a zauna maganar kwangila.